GOBARAR DAJI DA HANYOYIN GARGAƊIN JAMA'A A YANKIN YOLA DA JIMETA

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai dajin da ke kewaye da Yola da Jimeta ya bushe ƙayau. Gamba da kyasuwa da tofa waɗanda suka yi tsawo da damina su ne ke zama makamashi. A daidai wannan lokaci ne kuma dawa da masara ke jibge a gona, shinkafa na masussuka, harawar wake da ta gyaɗa na shanye a kan itatuwa da rumfuna. Wato lokacin da manomi ya fi tara dukiya a fili, shi ne lokacin da wuta ta fi saurin tashi. Wahalar wata biyar tana iya zama toka cikin sa'a guda.

Galibin asarar da ake yi tana faruwa ne saboda labari bai isa ga jama'a da wuri ba. Mai gona yana kasuwa, ko masallaci, ko yana barci, sai dai a zo a gaya masa bayan aikin gama ya gama. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama gwamnatoci suke ware kuɗi domin kafa jiniyar gargaɗi a garuruwan da gobara ta fi yi wa barazana. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan amfanin jiniya da iyakacin abin da take iyawa, da kafofin kuɗin gwamnati da al'umma za ta iya nema, da kuma aikin da ya rataya a wuyan manomi da malamin gona.

Yanayin yankin da lokacin haɗari

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a shekarar 1841, da Jimeta da ke bakin kogin Binuwai, suna cikin kwari ne mai faɗi. Damina takan fara a watan Mayu ta ƙare a Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, sannan a Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasar fadama da ke Girei da Fufore da Demsa da Numan tana fitar da ciyawa mai kauri saboda laimar da kogi ke bari, kuma idan ta bushe wutarta ta fi ta ciyawar tudu ƙarfi.

Akwai abubuwa uku da suke ƙara wa wuta gudu: bushewar ciyawa, ƙarfin iska, da gangare. Wutar da aka kunna a watan Nuwamba, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, tana tafiya a hankali kuma takan mutu da kanta da dare idan raɓa ta sauka. Wadda aka kunna a Fabrairu ko Maris kuwa tana cin har rassan itatuwa. Haka kuma wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu. Masana gobara sun ƙiyasta cewa saurinta yakan ninka sau biyu a duk lokacin da karkatar gangare ta ƙaru da digiri 10. Saboda haka ƙauyukan da ke gindin duwatsun Bagale da na Verre da na Alantika suna buƙatar kulawa ta musamman, domin wutar da ta tashi daga ƙasa tana iya riskar mai gona a kan gangare kafin ya ankara.

Manoman masakwa su ma suna cikin waɗanda abin ya shafa. Ana dasa masakwa a ƙasar laka bayan ruwa ya janye, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, kuma ba a girbe ta sai Janairu ko Fabrairu. Ke nan tana tsaye a gona a tsawon lokacin da daji ke ƙonewa a kewayenta.

Musabbabin gobarar daji

Kusan duk gobarar dajin da ake samu a wannan yanki hannun ɗan Adam ne ke tayar da ita. Daga cikin hanyoyin da aka fi sani akwai:

1. Mafarauta da yara masu neman gafiya da zomo, waɗanda ke cinna wa ciyawa wuta domin su kori naman daji.
2. Ƙona ciyawa domin ta yi sabon toho ga dabbobi.
3. Sharar gona da wuta ba tare da an share gefenta ba.
4. Masu ɗiban zuma da masu yin gawayi da ke tafiya su bar garwashi.
5. Guntun taba da matafiya ke jefarwa a bakin hanya, da wutar girki a bukkokin gona.

Bayan amfanin gona da ke ƙonewa, ƙasar ma tana yin asara. Sinadarin naitirojin da ke cikin ciyawa da kara yana bin hayaƙi ya tafi, tokar da ta rage kuma iska da ruwan farko su kwashe ta. Ƙasa takan zama tsirara, zaizaya ta samu hanya. Ƙananan itatuwan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro suna mutuwa, dabbobi kuma su rasa abinci tun kafin bazara. Sau da yawa rashin sanin wanda ya tayar da wutar yakan haddasa zargi da husuma tsakanin manoma da makiyaya waɗanda suka daɗe suna zaman lafiya. Tun a shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da dazuzzuka barkatai, waɗanda hukumar kiyaye dokokin muhalli ta NESREA ke kula da su.

Mene ne tsarin gargaɗi da wuri?

Masana harkar bala'o'i sun yi ittifaƙi cewa tsarin gargaɗi yana da ginshiƙai huɗu. Na farko shi ne sanin inda haɗarin yake. Na biyu, sa ido domin a gano shi da zarar ya taso. Na uku, isar da labari ga jama'a cikin gaggawa. Na huɗu kuma, jama'ar su san abin da za su yi idan labarin ya zo musu. A shekarar 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri mai burin ganin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya yana ƙarƙashin irin wannan tsari.

Jiniya tana cikin ginshiƙi na uku ne kawai. Idan babu mai tsaron da zai hango hayaƙi, ba wanda zai kunna ta. Idan kuma jama'a ba su san ma'anar kukanta ba, sai dai ta haddasa ruɗani. Ya kamata malaman gona su riƙe wannan sosai a duk lokacin da ake maganar sayen na'ura.

Amfaninta a fili yake. Tana tashin mai barci, tana kaiwa ga wanda ba shi da waya da wanda bai iya karatu ba, kuma ba ta jiran layin sadarwa. Amma ƙararta tana raguwa da nisa, iska mai ƙarfi tana karkatar da ita, dutse da gine-gine suna tare ta. Wanda ke kusa da injin niƙa ko injin ban-ruwa ba lallai ne ya ji ta ba. Sannan jiniya ba ta faɗin inda wutar take ko inda za a nufa, sai dai irin wadda aka haɗa da lasifika mai fitar da magana.

Akwai nau'i uku da suka dace da karkara. Akwai ta hannu wadda ake juyawa, ba ta buƙatar lantarki kuma ba ta cika lalacewa ba, sai dai ƙararta ba ta wuce unguwa ko ƙaramin ƙauye. Akwai mai batir da faifan hasken rana, wadda ake ɗorawa a kan dogon ƙarfe ko tankin ruwa. Akwai kuma babbar hasumiya da ake kunnawa daga nesa, wadda ta fi dacewa da gari mai yawan jama'a. Ga yawancin ƙauyukanmu, na farko da na biyu sun wadatar.

Darasi daga wasu ƙasashe

A ranar 8 ga Nuwamba 2018 gobarar daji ta cinye garin Paradise da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda mutum 85 suka rasu. Hukumomi sun dogara ne ga saƙon wayar salula, amma da yawa daga mazauna garin ba su samu saƙon ba, domin wasu ba su yi rajista ba, wuta kuma ta lalata hanyoyin sadarwa. Bayan haka ne garin ya kafa hasumiyar jiniya 21 da tallafin hukumar agajin gaggawa ta tarayyar ƙasar. A ƙa'idar irin wannan tallafi, gwamnatin tarayya kan biya kashi 75 cikin 100, jiha ko gari su cika sauran. Hikimar hakan ita ce, wanda ya sa kuɗinsa a abu ya fi kula da shi.

Darasi na biyu ya fi kusa da halin da muke ciki. Jihar Hawai tana da jiniya kimanin 400, kusan 80 daga ciki a gundumar Mawi. Duk da haka, a ranar 8 ga Agusta 2023 da wuta ta afka wa garin Lahaina ta hallaka mutum kusan 100, ba a kunna ko ɗaya ba. Shugaban hukumar agajin gundumar ya ce jama'a sun saba da cewa kukan jiniya na nufin igiyar teku ce ke tafe, don haka an ji tsoron kada su gudu tudu, wato inda wutar take. Bayan 'yan kwanaki ya ajiye aikinsa. An kashe kuɗi an sayi na'ura, amma ba a tsayar da magana a kan yadda za a yi amfani da ita idan wuta ce ta taso ba.

Ruwa da wuta: kuka biyu daban

Mutanen Yola da Jimeta sun san bala'in ruwa. A shekarar 2012, bayan mamakon ruwan sama da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kogin Binuwai ya yi ambaliya. A faɗin Nijeriya hukumar NEMA ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, sama da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A 2022 an sake yin wata ambaliyar da ta ci rayuka sama da 600 a ƙasa baki ɗaya, kuma Adamawa na cikin jihohin da ta shafa.

Ƙauyen da ke bakin kogi yana fuskantar ruwa a Agusta da Satumba, sannan wuta daga Disamba zuwa Maris. Jiniya ɗaya tana iya yin aikin biyu, wanda hakan ke ƙara wa buƙatar al'umma ƙarfi a gaban hukuma. Sai dai matakin da ake ɗauka ya sha bamban. Idan ruwa ne, tudu ake nufa. Idan wuta ce, hawa tudu mai ciyawa halaka ne. Fili marar ciyawa ake nema, ko yashin bakin kogi, ko gonar da aka riga aka share, ko wurin da wutar ta riga ta cinye. Don haka wajibi ne a bambanta kukan. Misali, al'umma za ta iya amincewa cewa dogon kuka marar yankewa na nufin ruwa, gajeren kuka da ake maimaitawa kuma na nufin wuta. Kowane aka zaɓa, ya kamata ya zama iri ɗaya a duk ƙauyukan gunduma, a kuma bi shi nan take da sanarwa a lasifikan masallaci da na coci da Fulfulde da Hausa da harshen mutanen wurin, a faɗi ta inda wutar ta ɓullo da inda za a taru.

Ina kuɗin zai fito?

Akwai kafofi na gwamnati waɗanda aikin gargaɗi ya shiga huruminsu.

Asusun kula da muhalli. An kafa shi a shekarar 1981 domin magance matsaloli irin su zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Ana cire shi ne daga asusun tarayya, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu kaso. Wannan ita ce ƙofar da ta fi kusa da talaka, domin shugaban ƙaramar hukuma da kansila ba su da nisa.

Hukumomin agajin gaggawa. An kafa NEMA a 1999, kuma dokarta ta ɗora mata aikin shirin tunkarar bala'i da wayar da kan jama'a, baya ga rabon kayan agaji. A matakin jiha akwai hukumar ADSEMA ta Adamawa. An kuma tsara cewa kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin agajin gaggawa. Inda kwamitin ya yi sanyi, farfaɗo da shi ne matakin farko.

Shirye-shiryen raya ƙasa. Adamawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa mai yaƙi da hamada. Haka kuma a Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk shirin da ya kashe kuɗi wajen dasa itatuwa yana da dalilin kare su daga wuta, kuma wannan hujja ce da al'umma za ta iya gabatarwa.

Ayyukan mazaɓu. 'Yan majalisar jiha da na tarayya sukan sa ƙananan ayyuka a kasafin kuɗi. Jiniya da kayan kashe wuta na ƙauyuka goma ba su kai tsadar kilomita ɗaya na kwalta ba.

Hukuma ba ta cika ba da kuɗi a kan koke na baki ba. Ƙungiyar manoma da ke son a saurare ta sai ta rubuta takarda, ta bi ta hannun jauro ko mai unguwa zuwa hakimi da sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. Takardar ta ƙunshi yawan gidajen da za su amfana, da tarihin gobarar da aka yi a shekarun baya tare da ranaku da kiyasin buhunan da suka ƙone, da zanen ƙauyen mai nuna ta inda wuta ta saba shigowa, da wurin da za a kafa na'urar, da sunayen waɗanda za su riƙe ta, da gudummawar da al'umma za ta bayar.

Wani kuskure da ake yawan yi a ayyukan karkara shi ne a ware kuɗin saye a manta da na gyara. Kowa ya ga fitilun hasken rana da famfunan burtsatse da suka mutu bayan shekara biyu saboda batir ko wani ɗan ƙarfe. Batir yana da wa'adi, kuma zafin Yola yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu tana rufe faifan hasken rana, sai an riƙa goge shi. Saboda haka tun a takardar farko a bayyana wanda zai sayi sabon batir, da wanda zai yi gadi, da ranar gwaji. A tsayar da rana ɗaya a wata, a lokacin da kowa ya sani, a kunna jiniya na ɗan lokaci. A kuma hana kunna ta don biki ko taron siyasa, domin idan kunne ya saba da ita a banza, ranar da ta yi kukan gaskiya ba mai motsawa.

Abin da manomi zai yi tun yanzu

Rigakafi ya fi magani, kuma ba sai an jira gwamnati ba. Ana shawartar manoma da su kiyaye waɗannan:

1. A share hanyar wuta mai faɗin aƙalla mita 5 kewaye da gona da masussuka da rumbuna tun a ƙarshen Oktoba. Inda gamba ta yi tsawo, a ƙara faɗin, musamman ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa.
2. A kwashe amfanin gona zuwa gida da zarar ya bushe. Kada a tara dami duka a wuri guda.
3. A ajiye harawa da kara nesa da ɗakin kwana da madafa.
4. Idan ƙonawa ta zama dole, a sanar da mai unguwa da maƙwabta, a yi ta da sassafe ko da yamma lis lokacin da iska ta kwanta, kuma kada a bar wurin sai garwashi ya mutu.
5. A tanadi ɗanyen reshe, fartanya, shebur, bokiti da injin feshi na goyo wanda aka wanke aka cika da ruwa.
6. Kada a tari wuta ta gabanta. Ana kashe ta ne daga gefe da baya. Idan harshenta ya fi tsayin mutum, a ja da baya. Rai ya fi dami.

Kafin a samu jiniya, tsohon bakin taya na mota da aka rataye a bishiya, ko ganga, ko ƙaho, ko usur, duk suna iya yin aikin, matuƙar an amince da irin bugun da ke nufin wuta. Kakanninmu da kuge da shela suke tara gari.

Aikin malamin gona

Malamin gona shi ne gada tsakanin ƙauye da hukuma. Ana sa ran ya taimaka wajen kafa kwamitin gobara a kowane ƙauye, wanda zai haɗa manoma da arɗon makiyaya da sarkin baka da mata da matasa. Sanya mafarauta da makiyaya cikin kwamitin yana da muhimmanci, domin su ne suka fi kowa sanin daji, su ne kuma ke fara ganin hayaƙi. Mata su ne galibi ke gida da rana tare da yara da tsofaffi, don haka dole su san ma'anar kowane kuka, kuma a samu daga cikinsu mai ikon kunna jiniya idan maza ba sa nan.

Ya kamata malamin gona ya buɗe littafi na musamman inda zai riƙa rubuta kowace gobara: rana, lokaci, wuri, musabbabi da asara. Bayan shekara biyu ko uku wannan littafi zai nuna ƙauyukan da suka fi cancantar a fara da su, kuma shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a gaban masu rabon kasafi. Haka nan ya riƙa isar da hasashen yanayi na hukumar NiMet da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA ga manoma, ya yi amfani da gidajen rediyo irin su ABC Yola da Fombina FM da Rediyo Gotel wajen faɗakarwa tun daga watan Oktoba. Ya rubuta lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a wurin da kowa zai gani, ya kuma gwada su kafin ranar buƙata. Sai dai a sani cewa motar kashe gobara daga Jimeta ba za ta isa gonar da ke bayan Fufore ko Song kafin wuta ta gama ɓarna ba. Mintunan farko a hannun mutanen ƙauye suke.

Kammalawa

Kafa jiniya a ƙauyukan da ke cikin haɗari aiki ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da abin da gobara ɗaya ke cinyewa, kuma ya dace gwamnatocin tarayya da jiha da ƙananan hukumomi su sa shi cikin kasafinsu tare da kuɗin gyara da horarwa. Amma al'ummar da ta share hanyar wuta, ta kafa kwamiti, ta tsayar da alamar ruwa da ta wuta, ta kuma ajiye tarihin asararta a rubuce, ita ce za ta fi saurin samun tallafi, ita ce kuma za ta amfana da shi idan ya zo. Ana kira ga malaman gona da su gabatar da wannan batu a taron ƙungiyoyin manoma na farko bayan ɗaukewar ruwa. Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin shirin raya aikin gona na jihar Adamawa da ke Yola.